Canza ƙwaƙwalwar injin Hilux: abin da nake aunawa kafin in kwance ko noti ɗaya

A ƙarƙashin bencin aikina akwai wani kwalin taliya da nake tara ƙwaƙwalen inji a ciki. Duk masu mota ne suka cire suka bar mini, da sunan sun mutu. Ranar da aiki ya yi sauƙi nakan zaro ɗaya in maƙala wa mota irinta, kuma ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, motar ta tashi ta riƙe silo, wato aikin inji a tsaye ba a taka totur ba, lafiya lau. Ashe dama ba su mutu ba, ƙazafi aka yi musu.

Ni riwaya ne, aikin wayar mota nake yi a Kano, kuma a-kori-kurar da ta fi shigo mini ita ce Toyota Hilux, musamman ƙirar 2005 zuwa 2015 da ake kira Vigo, mai injin fetur 2TR-FE na lita 2.7. Da ita zan yi misali, in taɓo masu shan dizal a inda aikin ya bambanta.

Ƙwaƙwalwar nan da muke kira birenbos a gareji, littafin mota kuma ya rubuta ECU ko ECM, ƙaramar kwamfuta ce a cikin akwati mai faɗin littafin makaranta. Sensa-sensa ne ke kawo mata labari: yawan iskar da ke shiga, zafin ruwan inji, inda karanshaf ya kai a juyinsa, da yadda direba ya taka totur. Da wannan take yanke tsawon lokacin da nozil zai buɗe da lokacin da kwayil zai ba fulogi wuta. Babu abin da ke juyawa a cikinta, babu abin da ke gogewa ya cinye kamar birki ko kuloci. Shi ya sa idan ta mutu da gaske, kusan kullum akwai wanda ya kashe ta, kuma yana nan cikin motar yana jiran sabuwar da za ka saya.

Wata damina aka jawo mini Hilux da igiya. Mai ita dattijo ne, yana kasuwancin hatsi a Dawanau. Yana saukowa ya miƙo mini baƙar leda da ƙwaƙwalwa a ciki.

"Malam, wannan ita ce ta asali, an ce ta ƙone. Na sayi wata aka sa, ita ma an ce ta ƙone. Ko dai sammu aka yi wa motar nan?"

"Alhaji, a ba ni makullin tukuna. A zauna a inuwa, a kawo ruwa."

Na murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa. Fitilar batir ta kama, ta mai ta kama, amma 'yar fitilar nan mai ruwan lemo mai hoton inji, wadda muke kira cek, shiru. Na sa mita a wayar da ke kai wa sensa-sensa bolt 5, sai na ga sifili. Na ce wa yarona ya riƙa zare soket ɗin sensa ɗaya bayan ɗaya ina kallon mita, babu canji. Sai da ya kama damin wayar da ke bayan inji ya girgiza, fitilar cek ta yi wal ta ɗauke. Muka warware salatif ɗin wurin, ga aikin ɓera nan: ya cinye robar waya, tagullar tana kwance a jikin ƙarfen da ke riƙe damin. Motar da ke kwana kusa da buhunan gero ai ba ta rasa baƙi. Muka yanke wurin, muka haɗa da dalma, muka naɗe, na fito da ƙwaƙwalwar asali daga leda na mayar, motar ta tashi a bugu ɗaya. Tasa ba ta da imobilaiza, na'urar da ke hana mota tashi sai da makullinta, don haka babu wata rajista. Alhaji ya daɗe yana kallon ta biyun da ya saya bai ce komai ba.

Dalilin abin shi ne wannan bolt 5 da ƙwaƙwalwa ke fitarwa, wanda Toyota ke rubutawa VC, shi ne kuma ita kanta take rayuwa da shi a ciki. Idan wayarsa ta taɓa bodi, ko wata sensa ta lalace ta ja shi ƙasa, ƙwaƙwalwar sai ta kwanta kamar gawa: ba cek, ba wutar fulogi, ba magana da kwamfuta. Mai gaggawa sai ya yi mata sallah.

Awon da ke gaba da komai

Da batir nake farawa, ko da mai mota ya rantse sabo ne. Batir mai cikakken caji yana nuna kusan bolt 12.6 idan mota a kashe take. Idan ana buga sitata ya faɗi ƙasa da bolt 10 sosai, ƙwaƙwalwa tana iya ɗaukewa ta dawo a tsakiyar bugun, motar ta ƙi tashi, ta kuma tara lambobin matsala na ƙarya. Kan batir mai farin gari ko mai motsi idan ka murɗa da hannu shi ma haka.

Daga nan sai akwatin fis da ke cikin bonet. A Toyota ka nemi fis mai rubutun EFI da rile mai irin wannan suna. Kada ka duba fis da ido kawai, auna shi ta ɓangare biyu. Rile kuwa, hanya mafi sauri ita ce ka musanya shi da wani mai lamba iri ɗaya a cikin akwatin ka gani.

Sannan ka je soket ɗin ƙwaƙwalwar kanta da zanen wayar wannan ƙirar a hannu. Sunayen da Toyota ke ba wayoyin ba su cika canzawa ba, amma ramin da kowace ke shiga yana canzawa daga shekara zuwa shekara, saboda haka ba a aiki da ƙwaƙwalwar kai a nan. BATT tana da wuta dare da rana. IGSW tana samun wuta idan an murɗa makulli. Daga nan ƙwaƙwalwa ke tura wuta ta MREL ta kama rile, shi kuma ya dawo mata da babbar wuta ta +B. E1 ita ce negatif da ke komawa jikin inji. Wannan negatif ɗin ita ta fi yaudarar mutane. Mita za ta nuna maka wayar a haɗe take alhali silin tagulla biyu ne kawai suka rage a wurin ɗaurin. Ni abin da nake yi, in bar makulli a kunne, in sa ƙafar mita ɗaya a negatif ɗin batir, ɗaya a E1. Ya kamata in ga abin da bai wuce kusan bolt 0.1 ba. Idan ya haura, sai in bi wayar zuwa inda aka ɗaure ta a jikin inji. Motar da aka taɓa sauke wa inji ko giya, sau da yawa a nan za ka tarar an manta notin a kwance.

Da mita ake wannan awon. Testa mai ƙwan fitila tana jan wuta da yawa, kuma idan ka soka ta a wayar sensa ko ta kwayil kana iya ƙona abin da ka zo dubawa. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan.

Sai kuma a sa wa mota kwamfutar bincike, wadda muke kira sikana. Soket ɗin yana ƙarƙashin sitiyari, mai rami 16, tsarin OBD-II da Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can tun 1996, daga baya ya zama ruwan dare. Rami na 16 yana da wutar batir kullum, na 4 da na 5 negatif ne. Idan sikana ta ƙi kamawa gaba ɗaya, wannan ramin na 16 za ka fara aunawa, domin fis ɗinsa yakan tsinke a ce ƙwaƙwalwa ce ba ta amsawa. A motocin da ke magana ta layin CAN, wato wayoyi biyun da kwamfutocin mota ke aika wa juna saƙo ta kansu, ramuka na 6 da na 14 su ne layin. Cire negatif ɗin batir ka auna tsakaninsu: om 60 ko kusa da haka lafiya ne, om 120 yana nufin layin ya yanke a wani wuri ko wani soket ba ya haɗe, kusa da sifili kuma wayoyin biyu sun manne da juna.

Lambobin da ke nuna yatsa ga ƙwaƙwalwar kanta su ne na gidan P0600, musamman P0601, P0604, P0605 da P0606, waɗanda ke cewa ma'ajiyarta ko injin lissafinta ya rikice. U0100 kuwa cewa take wani sashe na motar ya kira ƙwaƙwalwar inji bai ji amsa ba, kuma wannan yana iya zama fis ne ko waya. Ko P0606 ɗin ma ba na karɓarta a karon farko. Nakan rubuta ta, in goge, in gyara batir da negatif, in sake tayarwa. Idan ta dawo nan take da wuta lafiya da negatif lafiya, to yanzu na fara yarda. Idan kuma P0335 ka gani, sensar karanshaf ce ko wayarta, ka bar ƙwaƙwalwa ta huta.

Akwai mutuwar da ba ta gaba ɗaya ba. Mota tana tashi amma silinda ɗaya ba ta aiki, ka musanya kwayil da fulogi da nozil matsalar ta ƙi barin wannan silindar, ka auna waya daga can har soket ɗin ƙwaƙwalwa ka same ta lafiya, amma umarni ba ya fitowa. Wannan ƙafa ɗaya ce, cikin siraran ƙarafan ƙwaƙwalwa da soket ke kamawa, ta ƙone a ciki. Hanci ma yana da aiki a nan: zare soket ka shinshina. Ƙaurin lantarki ba ya ɓuya. Ka haska tocila a kan ƙafafun, idan ka ga kore-kore kamar gansakuka, ruwa ya shiga.

Wa ya kashe ta

Wannan tambayar ita ce ke raba wanda zai sayi ƙwaƙwalwa sau ɗaya da wanda zai saya sau uku.

Ruwa ne na farko a wurina. A Vigo ƙwaƙwalwar tana cikin gida, bayan durowar da ke gaban fasinja, wurin da ya kamata a ce a bushe yake. Amma a canza gilashin gaba a bar gam bai kama sosai ba, damina na zuwa ruwa zai riƙa bin damin waya a hankali har cikin soket. Bututun da ke zubar da ruwan esi idan ya toshe, ruwan a wannan kusurwar yake taruwa. Ɗaga kafet ɗin ƙafar fasinja ka taɓa, idan da danshi ka sami bakin zaren. Masu ƙetare kogi da mota a ƙauye sun san sauran labarin.

Na biyu ɗabi'armu ce ta gareji, kuma ban cire kaina ba, na yi ta da ƙuruciya: cire kan batir inji yana aiki don a gane ko altaneta tana caji. A zamanin kafireto an sha. A motar da ke da ƙwaƙwalwa kuwa, batir shi ne ke shanye tsallen wutar altaneta, kana cire shi wutar tana iya hawa ta wuce abin da kayan lantarki za su jure. Maigidana da ya koya mini aiki ya taɓa kama ni ina yi, ya ƙwace sufanar ya ce, "Kai yaro, mitar da ke rataye a wuyanka ta ado ce?" Awon ba ya ɗaukar minti ɗaya: inji yana aiki, ka ga tsakanin bolt 13.5 da 14.5 a kan batir. Idan ya kai 15 ya wuce, altanetar ce ke dafa kayan motar, kuma sai an gyara ta kafin a sa sabuwar ƙwaƙwalwa.

Sauran su ne jona batir a juye ko da na ƙiftawar ido ne, jona wa ƙaramar mota wuta daga babbar mota mai bolt 24, da walda. A-kori-kura ba ta rabuwa da mai walda, yau ƙarfen bodi, gobe salansa. A cire negatif ɗin batir, a kuma maƙala wayar injin walda dab da inda ake aikin, ba can ƙarshen mota ba. Sai kwayil ko nozil da ya haɗe a ciki yana jan wuta fiye da kima. Idan ƙafar silinda ta uku ce ta ƙone, ni kwayil na uku ba ya komawa jikin motar.

Sayen wadda za ta dace

A jikin kowace ƙwaƙwalwa akwai takarda mai lamba. Ta injin Toyota tana farawa da 89661, sai ɗan gajeren layi a kwance, sai wasu haruffa da lambobi biyar. Waɗannan biyar na ƙarshe su ne maganar. Akwati iri ɗaya, soket iri ɗaya, sunan kamfanin Denso iri ɗaya, amma ɗaya ta mai giyar hannu ce ɗaya ta otomatik, ɗaya ta kasuwar ƙasashen Larabawa ɗaya ta Turai, ɗaya tana neman imobilaiza ɗaya ba ta nema. Soket ya shiga ba shi ne ta dace ba. Kamfani yakan maye tsohuwar lamba da sabuwa, amma wannan dillalin Toyota ne zai tabbatar maka ta lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ba mai shago da baki ba.

Ka ɗauki hoton takardar da waya, ko ma ka tafi da tsohuwar a hannu, zuwa da kai ya fi saƙo. Mafi yawan masu mota Beljiyam, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, suke saya saboda tsadar sabuwa, a Ƙofar Ruwa a nan Kano, ko Panteka a Kaduna, ko a yi oda daga Ladipo a Legas. Ba laifi ba ne, ni ma ina sawa. Sharaɗina dai shi ne a yi magana kafin a biya kuɗi cewa idan ba ta yi ba za a dawo da ita, domin kayan lantarki da yawa ba a karɓarsu idan sun fita shago. Ka duba ƙafafun ko akwai kore, ka duba kan sukurorin murfin ko an taɓa buɗewa, ka duba ko takardar lambar an ɓanɓaro ta daga wani akwatin aka manna. An taɓa kawo mini wadda takardarta ke cewa fetur, cikinta kuma na dizal ne.

Kafin ka biya, ka san ko motarka tana da imobilaiza. Alamar ita ce 'yar jar fitila da ke ƙiftawa a dashbod idan an zare makulli, da kuma makulli mai kauri a kai saboda ƙwayar lantarkin da ke ciki. Wasu Hilux da aka shigo da su don aikin ma'aikatu da kamfanoni ba su da shi, wasu suna da shi. A wasu tsofaffin Toyota ma sirrin makullin a cikin ƙwaƙwalwar inji yake zaune, irin waɗannan sai dai a sayo saiti da makullinta, ko a kai wa mai na'urar goge ƙwayar ajiya ya mayar da ita fanko.

Kwancewa da ɗaurawa

Wannan ne sashen da ya fi sauƙi, kuma shi mutane suka fi jin tsoro. Idan tsohuwar tana iya magana da sikana ko kaɗan, ka kwashe duk abin da za ka iya ka rubuta kafin ka taɓa ta, musamman a mai dizal.

Kashe mota, zare makulli ka sa a aljihu. Sufana mai lamba 10, kwance negatif ɗin batir, ka kawar da wayar gefe yadda ba za ta dawo ta taɓa da kanta ba. Jira aƙalla daƙiƙa 90. Wannan ƙa'idar Toyota ce saboda jakar iska, kuma ta fasinja tana saman inda za ka cusa hannu. Duk soket mai launin rawaya da ka gani a wurin na jakar iska ne, ba ruwanka da shi.

Kwashe kayan durowa, matse gefenta biyu ta sauko ko ka kwance ta gaba ɗaya. Za ka ga akwatin a ɗaure da ƙarafan riƙo, damin wayoyi suna shiga ta soket-soket. Ɗauki hoto. Taɓa ƙarfen bodi da hannunka don wutar da ke jikinka ta sauka, musamman da hunturu lokacin da riga ke tartsatsi. Kowane soket yana da harshen da ake dannawa kafin ya fito. Robar motar da ta sha zafin Kano shekara goma sha tana karyewa kamar ƙuli-ƙuli, don haka da yatsa ake dannawa, a riƙe jikin soket a ja, ba wayoyin ba. Idan ya ƙi, ka ƙara tura shi ciki kaɗan sannan ka danna harshen. Sukudireba ba ta da aiki a nan.

Kafin sabuwar ta shiga, haska cikin soket ɗin motar. Idan akwai tsatsa ko kore, a wanke da feshin wanke lantarki a bar shi ya bushe sarai. Ramin da ya buɗe baki ya saki, a matse shi ko a canza shi. Ajiye tsohuwa da sabuwa gefe da gefe ka sake karanta lambar. Idan sabuwar ta zo ba ƙarfen riƙo, cire na tsohuwar ka ɗaura mata. Ɗaure ta da notinta duka, kada a bar ta tana lilo a bayan durowa, a-kori-kura hanyar burji take bi kuma girgiza tana fasa dalmar ciki. Tura kowane soket a miƙe har ka ji ƙas. Mayar da negatif, ka ɗaure sosai. Durowar kuwa bar ta a ƙasa tukuna.

Murɗa makulli ba tare da ka buga sitata ba. Fitilar cek ta kama? To ƙwaƙwalwar ta farka.

Gabatar da ita ga motar

Idan babu imobilaiza, buga kawai. Idan akwai, sitata za ta juya inji amma ba zai kama ba, ko ya kama ya mutu nan take, sikana kuma ta nuna B2799. Ba lalacewa ba ce. Akwatin makulli, wato na imobilaiza, da sabuwar ƙwaƙwalwa ne ba su san juna ba.

A Toyota masu akwatin makulli daban, ana haɗa su ta soket ɗin nan mai rami 16. Ana ɗaukar gajeriyar waya a haɗa rami na 13, wanda ake kira TC, da rami na 4, wato CG. Ka ƙirga da kyau. Layin da ke gefen da ya fi faɗi shi ne 1 zuwa 8, ɗaya layin 9 zuwa 16, kuma na 13 yana daidai da na 5 ne, ba na 4 ba, don haka wayar a karkace za ta zauna. A wasu motocin soket ɗin a kife aka ɗaura shi, sai lissafin ya juye. Ka tuna na 16 wutar batir ce tsirara, kuskure ɗaya ya isa. Ni har yau kwanciya nake yi a ƙasa da tocila in ƙirga sau biyu.

Da wayar a ciki, sa makullin motar na asali, murɗa zuwa inda fitilu ke kamawa, kada ka tayar. Fitilun dashbod za su fara ƙifce-ƙifce, haka ya kamata. Bar ta haka minti 30 cur. Kashe fanka, rediyo da fitilu, idan batirin ba shi da ƙarfi ka jona masa caja, domin idan wuta ta faɗi a tsakiya sai an sake daga farko. Nakan ƙara minti biyu a kai saboda agogon waya da na bango ba sa jituwa a garejinmu. Lokaci ya cika, kashe makulli, zare wayar, sannan ka tayar. Idan ta kama ta ci gaba da aiki, sun gaisa.

Wannan dabarar ta Toyota ce, kada a kai ta wata mota. Ford Ranger tana da nata tsarin mai suna PATS, Nissan tana da NATS, duka sai da sikana mai ikon yin rajistar makulli. Su ma sababbin Hilux masu maɓallin tayarwa da Tacoma da Tundra da ake shigowa da su daga Amurka, gara a yi su da Techstream, manhajar Toyota, ko babbar sikana irin Launch ko Autel. Na Amurka sukan nemi a rubuta musu lambar shasi a cikin sabuwar ƙwaƙwalwa, in ba haka ba cek ta zauna a kunne da P0630.

Masu dizal, 2KD-FTV na lita 2.5 da 1KD-FTV na lita 3.0, suna da ƙarin aiki. Kowane nozil yana da lambarsa mai haruffa da lambobi 30 a rubuce a kansa, wadda ke gaya wa ƙwaƙwalwa yadda wannan nozil ɗin ya ɗan bambanta da 'yan uwansa wajen feshin mai. Sai an shigar da duka huɗun, kowanne a silindarsa. Idan ba a yi ba inji zai riƙa ƙwanƙwasa, ya yi hayaƙi, silo ya yi rawa. Rubutun ƙanana ne ƙwarai, goge kan nozil ka ɗauki hoto ka faɗaɗa, kuma ka kula da 8 da B, don sun sha sa ni sake aiki. Bayan haka akwai koyar da famfon mai ta sikana. A waɗannan injinan akwai kuma wani akwati daban mai suna EDU da ke ba nozil wuta mai ƙarfi. Shi ma yana mutuwa, a ɗora wa ƙwaƙwalwa laifi.

Bayan ta tashi

Goge duk lambobin da suka taru. Bar injin ya yi zafi har allurar ruwa ta kai inda ta saba tsayawa, ba esi, ba fitila, ba taka totur. 2TR-FE totur ɗinta na lantarki ne, kuma sabuwar ƙwaƙwalwa ba ta san dattin da ya taru a maƙogwaron iska ba, wanda tsohuwar ta saba da shi a hankali. Idan silo yana hawa yana sauka ko tana mutuwa a tsaye, wanke maƙogwaron yakan magance shi. Sake auna caji a kan batir. Sannan kunna esi da fitilu ka ga ko ta riƙe.

Daga nan sai hanya. Ni nakan fita da ita titin da zan iya sa giya duka, in dawo ta hanyar da ke da gargada da gangan, sikana a kan kujera tana nuna mini zafin ruwa da wutar batir. Idan akwai wayar da ta rage tana taɓa bodi, gargadar ce za ta tona ta. Mun dawo, in kashe, in jira kaɗan, in sake tayarwa da zafinta, in sake karanta lambobi. Sai sun fito babu komai nake mayar da durowa.

Idan ruwa ne ya yi kisan, akwai gwaji ɗaya da ya rage. Yarona yakan hau da bokiti ya riƙa kwarara ruwa a gefen gilashin gaba, ni kuma ina kwance a ƙafar fasinja da tocila ina kallon bayan dashbod. Ɗigo ɗaya na gani, motar ba ta fita sai mai gilashi ya zo.

Tsohuwar ƙwaƙwalwar nakan rubuta kwanan wata da abin da ya same ta a jikinta da alƙalamin maka, in miƙa wa mai motar. Wadda ƙafa ɗaya ce ta ƙone, masu gyaran allon lantarki suna iya canza abin da ya ƙone ta zama ta ajiya. Mafi yawan masu motar dai cewa suke, "Malam, riƙe ta a wurinka," ita ma sai ta shiga kwalin taliya.